Zagaye Tara a Zauren Malam Audi

An ɗaura auren Lauratu da Mahmuda a Dutsin-Ma ranar wata Juma'a a 1961, amma a kan tabarmar karta aka yanke maganar, wata biyu kafin nan.

Malam Audi, mahaifinta, tsohon soja ne. A ƙasar Bama, lokacin yaƙin duniya, ya koyo birij, kartar mutum huɗu, biyu suna karawa da biyu, ya koya wa ɗiyarsa tun tana ƙarama. Da Mahmuda, malamin dabbobi na Kurfi, ya aiko neman aurenta, sai ya ƙi. Lado akawu, wanda shi ma yake son ta, ya riga ya ɓata shi a wurin tsohon.

"Mutumin da ba ya buɗe baki? Ba zai riƙe gida ba!" in ji Malam Audi.

"Baba, ka taɓa cewa a tabarma ake sanin namiji. Mu buga karta, kai da Lado, ni da Mahmuda. In ban cika alkawarin da na ɗauka a wasan ba, na haƙura."

"Kin ji abin da kika faɗa?"

"Na ji."

Ranar Asabar bayan la'asar suka zauna a zaure. Lauratu ta ɗauki alkawarin cin zagaye tara cikin sha uku. A ƙa'ida, abokin wanda ya ɗauki alkawari yakan baje kartarsa a fili ya yi shiru. Malam Audi ya ƙara sharaɗi: Mahmuda ya yi magana ko ɗaya, sun faɗi.

Mahmuda ya baje tasa, ya naɗe hannu.

Malam Audi ya jefo sarki. Lauratu tana riƙe da as, kartar da ta fi shi. Ta jefa ƙarama.

Ya jefo sarauniya. Ta sake bari.

Lado ya ƙyalƙyale da dariya.

"Malamin shanu, kana kallo tana zubar da aurenku? Yi mata magana mana!"

Ta ga jijiyar wuyan Mahmuda ta miƙe. Bai ɗago ba.

"Ko a gida ma ita za ta riƙa ja maka akala?"

Shiru.

A zagaye na uku ta sauke as. Ta ƙirga: mahaifinta yana da sauran karta biyu masu ci na irin da ya jefo, Lado kuwa nasa sun ƙare. Da gangan ta saki zagaye ɗaya ya faɗa hannun Lado. Ya duba, ya sake dubawa... ba shi da irin kartar da zai jefo tsohon ya samu damar sauke biyun nan. Duk abin da ya jefo, nata ne.

"Tara," in ji ta.

Malam Audi ya daɗe yana kallon kartoci biyun da suka mutu a hannunsa. Sannan ya dubi Mahmuda.

"Me ya hana ka magana?"

"Baba, ta fi ni iyawa."

A soro Lauratu ta tsayar da Mahmuda.

"Ka ji tsoro, masoyi?"

"Ƙwarai... amma ban yi shakkarki ba."

Malam Audi da kansa ya ba da auren. Kartar kuwa ya kulle ta a akwatinsa na soja. Sau uku Lauratu tana aiko masa daga Kurfi ya zo su sake bugawa. Bai taɓa ba da amsa ba.