Tafin Hannun Dogo

A wani gari can, a zamanin da, an yi wani gwanin ƙwallon kwando da ake kira Dogo. Ranar da ya ciyo wa garinsu kofi, ya tsoma hannu a shuni, ya yi tsalle, ya buga tafinsa can saman katangar filin wasa.

Shekaru suka shuɗe, Dogo ya ajiye wasa, damina ta wanke shunin. Sai mutanen gari suka sa ranar karrama shi, suka ce ya sake buga tafinsa inda yake a da.

Da sassafe ya je gwaji da wani tsohon abokinsa. Ya yi tsalle, bai kai ba. Ya sake, bai kai ba. A na uku gwiwa ta ce ba da ita ba.

Abokin ya mirgino turmi ya ce, "Hau nan, raƙumin dawa, ka buga tun babu kowa, kada a yi maka dariya."

Dogo ya dubi turmi, ya dubi katanga. Sannan ya ce, "Mayar wa matarka turminta."

Da aka taru, ya yi bismillah, ya buga tafinsa iyakar inda hannunsa ya kai yana tsaye. Ya ce, "Wancan aro ne, Mai shi ya karɓa. Wannan ne nawa yau."

Tun daga ranar, duk shekarar da damina ta wanke wannan tafin, mutanen gari ne ke sake shafa masa shuni.