Ɓarawon da Ya Shafa wa Inji Giris

Ranar Talata da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda, aka ce an yi sata a kamfanin takalman 'yan makaranta da ke hanyar Karshi. Insifekta Sadisu ya san wurin. A da, ƙarar inji ba ta barin mutum ya ji sallamar ɗan'uwansa. Yau da ya shiga, kukan kurciyoyi kawai ya ji a saman kwano.

Mai kamfanin, Alhaji Badaruddeen, ya tarye shi da jajayen idanu.

"Mazubai goma sha biyu aka kwance ranar Lahadi, yallaɓai. Ƙarafan da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta fito takalmi. In babu su, wannan injin gawa ne."

"Me ya tsayar da aikin tun farko?"

Alhaji ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Gwamnati ta ce kowa ya yi na gida, ta rufe ƙofa ga na waje. Na sayar da gonata na kafa wannan, na ɗauki mutum sittin. Da aka kwana biyu sai aka sake magana. Aka buɗe wa na waje ƙofa, mu kuma aka ƙara mana haraji a kan ɗanyar roba. Takalmin da ya ƙetaro teku ya fi nawa araha a kasuwar da ke bayan katangata."

"Yanzu me kake shirin yi da injin?"

"Gyara shi zan yi," ya ce, yana kallon ƙasa.

Sadisu ya tsuguna gaban injin. Shekara goma sha tara yana bin sawun ɓarayi, ya san aikinsu: guduma, gaggawa, ɓarna. Amma nan an shimfiɗa tsumma, an jera notoci a kai daga ƙarami zuwa babba, kowanne an goge shi. Gurbin da aka cire mazuban kuwa an shafe shi da sabon giris don kada ya yi tsatsa. Tun da yake bai taɓa ganin ɓarawo mai tausayin ƙarfe ba.

Ya kira maigadi, Lawal.

"Wallahi oga, ranar Lahadi ban matsa daga get ba."

"To kai ka kwance su ke nan, tunda ba a fasa ƙofa ba."

Nan take gumi ya karyo wa Lawal. "Na ɗan leƙa kasuwa bayan azahar. Amma makulli biyu ne, na Alhaji da na Baba Zacharias, injiniyanmu. Kuma ni ban ga laifin kowa ba, tunda ranar Asabar Alhaji ya kawo wani mutumin Kano ya sayi injin, na ɗauka shi ya kwashe su."

Sadisu ya juya ya kalli Alhaji. Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Kunya ce ta hana ni faɗa. Ma'aikata suna zaune a gida suna jiran in kira su."

Gidan Baba Zacharias ɗaki biyu ne a bayan kasuwa. Sadisu ya same shi a tsakar gida, dattijo mai furfura, yana gyara wa matarsa injin markaɗe.

"Ina kake ranar Lahadi, Baba?"

"Ina coci, oga. Tun safe har yamma."

Sadisu ya kai ido ƙasa. Tsumman da ke gefen ƙafar dattijon yake kallo. Notocin injin markaɗen suna jere a kai, daga ƙarami zuwa babba, kowanne a goge. Zuciyarsa ta yi nauyi, don ya so a ce wani ne daban.

"Baba, hannu ba ya manta abin da ya saba. Ina mazuban?"

Dattijon ya bi idon Insifekta da kallo. Sannan ya ajiye sifana.

"Suna ƙarƙashin gado. Ban sayar ko ɗaya ba. Oga, wannan inji ni na kafa shi, shekara goma sha ɗaya ina shafa masa mai. Na ji a rediyo wai gwamnati za ta sake duba maganar haraji. Na ce in babu mazubi, mai saye ba zai ɗauka ba. Wata uku, wata huɗu, a canza doka, yaranmu su koma aiki. Shi ke nan laifina."

"Da ma ka faɗa wa Alhaji."

"Zai ji? Shi ma sun kashe masa zuciya."

Sadisu bai sa masa ankwa ba. Aka loda mazuban a bayan mota, dattijon da kansa ya naɗe kowanne da buhu, suka koma kamfanin.

Tun daga get suka ji ƙara, amma ba irin ta da ba. Wata babbar mota tana tsaye a bakin ƙofa, 'yan jari-bola uku suna yanka injin da wuta, suna wurga guntayen a ciki.

Alhaji ya fito, ya ga mazuban, ya ga wanda ke zaune a motar. Ya dafe kai.

"Baba, kai ne? Mutumin Kano aiki zai yi da shi. Har ya ce zai tafi da kai da mutum ashirin. Da ya ji babu mazubai jiya ya janye, ni kuma na sallama wa waɗannan a kan kilo."

Baba Zacharias ya sauko a hankali. Ya tsaya yana kallon tartsatsin wuta na cin gurbin da ya shafe da giris, hawaye na bin furfurar gemunsa.

Can ya juya, ya miƙa wa Insifekta hannayensa biyu.

"Oga, sa mini abin. Mu tafi kafin su kai kan moton injin."

Sadisu ya buɗe masa ƙofar mota, ya bar ankwar a aljihu.