Jan Biron Mama

A ƙofar kemis ɗin da nake aiki muka yi faɗan. Kafinta, wanda zan aura, ya zo da murnarsa, garin katako har a girarsa, yana kaɗa makulli a yatsa. Ya ce ya samo mana gidan da za mu zauna bayan biki, ɗaki biyu da falo, a hawa na uku.

"Hawa na uku?" na ce. "Mama fa? Ka san gwiwoyinta."

Ya kau da kai. Ya ce ai Mama tana da wani ɗan a wani gari, mai hali, kuma lokaci ya yi da zai ɗauki uwarsa.

"Masoyiyata, ba fa ita ta haife ki ba... uwar mijinki ce, shi kuma shekararsa huɗu da rasuwa."

Na dube shi. Wannan mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa ko mage murya ba. Na ce masa idan babu wurin Mama a gidan, to ni ma babu wurina. Na koma ciki a fusace, har na zubar da kwalin magani.

Gaskiya ya faɗa, ba ita ta haife ni ba. Amma ranar da aka kawo labarin hatsarin mijina, ita da ta rasa ɗa ita ce ta riƙe ni. Wata uku tana ba ni abinci a baki. Ita ta tura ni na ƙarasa karatu, ita ta fara cewa na yi ƙuruciya da zama haka. Shekara talatin da takwas ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya, shi ya sa duk layinmu Malama suke ce mata. Fita da ita aiki ne. Direban bas ya tsaya ya gaishe ta, likita ya durƙusa, ita kuma ta tuna wa kowa yadda yake juya harafi baibai yana ƙarami.

Ban gaya mata komai ba, amma Mama ba a ɓoye mata fuska. Ta dube ni ta saman tabarau ta tambayi me ya haɗa ni da Kafinta. Na fashe da kuka, na zayyana mata duka. Na zaci ranta zai ɓaci. Sai kawai ta murza kan sandarta.

"Yaron nan ba mugu ba ne," ta ce. "Tsorona yake ji. Duk zuwan da yake yi, kin taɓa ganin ya zauna kusa da ni?"

Mako uku ban ɗaga wayarsa ba. Saƙon murya yake turowa kullum, ina sharewa ina hawaye. A cikin kwanakin ne Mama ta tsiri fita da yamma, wai likita ya ce ta riƙa motsa ƙafa. Ta ƙi a raka ta. Sai ta dawo tana haki, ta ce a jiƙa mata tawul da ruwan zafi, amma fuskarta wasai kamar an yi mata albishir.

Wata ranar Laraba aka tashe mu daga aiki da wuri. Ina saukowa daga bas na hango ta tana dogara sanda, ta miƙe layin masu katako. Na bi ta a hankali har shagonsa, na laɓe bayan allunan da aka jingina a bango.

Ya tura ƙofa rabi, ya share mata kujera da gefen rigarsa, ya sa mata matashi. Sannan ya zauna a ƙasa, ƙato da shi, ya buɗe littafin rubutu irin na yara. Na ji muryarsa can ƙasa yana haɗa baƙaƙe, yana tuntuɓe, yana sakewa.

"A hankali," in ji Mama. "Hannun da ya iya fitar da ƙafar tebur daidai ba zai kasa fitar da harafi ba."

Sai a lokacin komai ya faɗo mini. Kullum saƙon murya, ba ya taɓa rubutawa. Yadda yake miƙo mini takarda ya ce idonsa na yaji. Lamba ya sani, awo ya sani, amma karatu... Ban san na yi shessheƙa ba sai da na ga sun juyo.

Ya miƙe zumbur, littafin ya faɗi. Ban taɓa ganin kunya irin ta fuskarsa ba. Da ƙyar ya faɗa mini cewa yana ɗan shekara takwas aka cire shi daga makaranta don ya yi jinyar mahaifinsa. Ya ce ni zai iya ɓoye mini har tsufa, amma ya san ba zai yi mako ɗaya a gida ɗaya da malama ba tare da ta gano shi ba. Shi ya sa ya nemi hawa na uku.

"Tun zuwansa na biyu na gane," Mama ta ce tana dariya. "Na ba shi jarida ya riƙe ta kamar faranti mai zafi. Ranar da kika yi kuka na ce to, aikina bai ƙare ba ke nan."

Ya ce da ta zo shagon ranar farko, ya zaci faɗa ta zo yi masa. Ko maganar gidan ba ta ɗauko ba. Littafi da fensir kawai ta ajiye a kan bencinsa, ta ce babu wanda zai ji daga bakinta.

"Ba ta takardar da ka rubuta mana," Mama ta ce masa.

Ya ce ai ba ta gama kyau ba. Ta ɗaga sanda, ya yi sauri ya zaro ta daga aljihu. Layi uku ne, haruffan manya-manya, sun karkace kamar za su zube. Ya rubuta cewa ya yi kuskure, yana sona, kuma ya mayar da makullin, ya samo gida a ƙasa mai ɗakin Mama kusa da ƙofa. Wuri biyar Mama ta gyara da jan biro. A ƙasa ta sa masa bakwai bisa goma.

Ina kuka ina dariya na tambaye ta ina sauran ukun.

"Sai ya karanta miki da bakinsa," ta ce.

Ya karɓi takardar, ya share gumi, ya ɗora yatsa a kan harafin farko. Ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya kai ƙarshe. Babu wadda ta taya shi a cikinmu. Da ya gama ya ɗago ya dube ni, na ce masa na ji, kuma na yarda.

Mama ta miƙo mana hannuwanta biyu.

"To ku ɗaga ni," ta ce. "Gobe akwai darasi, kuma ya ce abokansa biyu ma za su zo."