Audugar da ke cikin kwamfutar Ɗalha

Ana gab da magariba Mamuda direba ya taka birki a ƙofar shagon Murtala mai gyaran kwamfuta, a bakin titin Jega. Ko kashe mota bai yi ba. Ya miƙo wani ƙunshi ta taga, an naɗe shi da tsohon zane, an ɗaure tamau da igiyar kaba.

"Saƙo na daga Maiyama," in ji shi. "Matar yayanka tac ce in ba ka. Ta ƙara da wata magana, amma wallahi ta shige mini, lodin albasa na jirana Aliero."

Ya ja mota ya bar shi da hayaƙi.

A shekarun nan sabis ɗin waya bai zauna a Maiyama ba, saƙo a bakin direba yake tafiya, abin da ya zube a hanya kuma ya zube. Murtala ya kwance zanen. Kwamfutar yayansa Ɗalha ce, irin ta ɗauka a jaka, wadda ofis ya ba shi.

Ɗalha ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon wannan sana'a. Malamin gona ne, mai surutu kamar ya ari baki. Da ranin nan ya je aiki fadamar Mungadi, rana ta faɗi yana gindin wata bishiya da kwamfutar a cinya, ya dawo gida ba baki. Asibiti sun duba ba su ga komai ba. Murtala ya yi ta zarya har ya rame. Sai a makon jiya aka aiko cewa bakin ya fara buɗewa, har ya nemi fura da kansa.

To, ku faɗa mini, in an aiko wa mai gyara kwamfuta, me zai ɗauka ana so? Daɗi ma ya ji. Tun da ciwon nan ya fara bai iya tsinana wa ɗan'uwansa komai ba, yau ga abin da hannunsa ya sani. Ya ce a ransa kafin Yaya ya miƙe zai tarar da ita garau.

Ya kunna. Allo bai gama haske ba ta yi ƙaran nan mai hawa, wanda take yi idan an soka mata filashi, ɗan abin ajiye bayanai. Ba a soka komai ba. Can ta yi mai sauka, na cirewa. Ta sake hawa. Ta sake sauka.

"Wanga ai ƙaramin aiki na," ya ce.

Ya nemi bairos, cutar kwamfuta, babu. Ya goge abin da ke kula da ramukan filashi ya sake ɗorawa, ya kashe ya kunna. Ƙaran yana nan, har ya fi na ɗazu sauri, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da ya gaji da jira. Sai ya juya ta gefe ya haska ramukan da tocila.

Dariya ta kama shi. Duk an cusa musu auduga, an liƙe da ƙaro. Audugar ta yi baƙi-baƙi, tana ƙamshin tawadar allo.

"Kai, mutanen Maiyama! Ƙura suka gudu, sunka shaƙe ta."

Ya ɗauko allura. Da mai nama na gefe yana nan, da ya leƙo ya ce masa tawadar allo ba don ƙura ake sa ta ba. Amma kowa ya tafi alwala. Ya zare ta farko, ya zare ta biyu. Ta ƙarshen ta yi gardama, sai da ya ɗiga mata sifirit. Ladan na ɗaga murya ta fito.

Ƙaran ya yi mai sauka, sau ɗaya, a hankali. Ya tsaya.

Murtala ya murmusa. Ya miƙa hannu zai rufe.

Wuta ta ɗauke.

Ba sabon abu ba ne. Sai dai janareton maƙwabci ma ya yi shiru, kiran salla ya yanke a tsakiya. Titin Jega, da ba ya rabo da hon na manyan motoci, ya yi tsit.

Wari ya cika shagon. Warin laka ne, na fadama, da ruɓaɓɓen ganye.

Ya danna makashi. Allon bai mutu ba. Ya kife kwamfutar ya zare batir. Hasken yana nan, yana malala a kan tebur ta ƙarƙashinta.

A bayansa, bencin da masu kawo gyara ke zama ya yi ƙara. Irin na wanda ya zauna ya gyara zama.

Bai juya ba.

"Wa na?" Muryarsa da ƙyar ta fito.

Numfashi. Mai sanyi, a ƙeyarsa.

"Murtala."

Muryar Ɗalha ce. Ita ce, har da 'yar shaƙewar nan tata.

"Kai ni gida."

Bai san yadda ya fita ba. Shago a buɗe, takalmi ƙafa ɗaya. Abu guda ne a kansa: ya sha jin ana cewa in ɗan'uwa zai cika, muryarsa kan riski nasa a nesa. Yaya na kan gargara. Ya buga babur ya miƙi hanyar Maiyama.

Har bakin gulbin da ke tsakanin Jega da Maiyama lafiya lau.

Yana hawa gada babur ya zauna. Bayan ya nutse, gaba ya yi sama-sama, injin na gurnani kamar an ɗora masa buhunan albasa. Ya ƙara mai. Da ƙyar tayar ke juyawa.

Wani abu mai jiƙa ya manne a bayan rigarsa.

Ya fara Ayatul Kursiyyu. Harshensa ya yi nauyi. Ya kai tsakiya, kalmomin suka watse. Ya koma farko.

Yatsu a maƙogwaronsa. Ba su shaƙe ba. Lalube suke, kamar mai zaɓen kaya a kasuwa.

Ya ciji harshe har ya ji gishirin jini, ya ƙwala Bisimilla da duk abin da ya rage masa.

Yatsun suka janye.

Nauyin bai sauka ba.

Haka ya yi ta tafiya, bai dubi madubi ba, har fitilun Maiyama suka bayyana.

A ƙofar gida ya tarar da A'isha, matar yayan nasa, tana kwashe tabarma. Ta ɗaga fitilar ƙwai ta ga fuskarsa.

"Lahiya? Mi ya hwaru?"

"Yaya fa? Shina da rai?"

"Lahiyarshi lau. Yau har ba'a yay yi mini." Ta dube shi da kyau. "Murtala, saƙona ya iske ka? Ka aje ta yadda nic ce?"

"Na gyara ta."

"Ka mi?"

"Audugar da kunka..."

Ta dafe bango. "Ajiya ta, Murtala, ba gyara ba! Abin da yak kama shi cikin kwamfutar yab biyo shi. Wani malam yat toshe shi da rubutu, yac ce a ƙetarar da ita gulbi, ko ya hita ba ya iya ƙetarowa, sai in wani na gida ya ɗauko shi."

Babur ɗin ya ɗago a hankali. Shi kaɗai.

Takun ƙafa daga zaure. Ɗalha ne ya fito yana bin bango, ya rame, amma fuskarsa cike da murna don ya ji muryar ƙanensa. Ya buɗe baki zai yi masa maraba. Sai idonsa ya wuce kafaɗar Murtala, ya tsaya a can. Murnar ta zube.

"Ƙanena," ya ce a hankali, "wa kaɗ ɗauko?"

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe a duniya.

Bai mutu ba. Ya yi shekaru yana ci yana sha, yana gane kowa. An je Sakkwato, an je wurin malamai har ƙetaren iyaka, bakin bai sake buɗewa ba. Malamin da ya yi toshiyar farko ya ce abin da ya taɓa shiga tarko ba ya komawa.

Murtala ya rufe shago ya komo Maiyama, shi ke noma gonar, shi ke kai yaran makaranta. A'isha ba ta taɓa yi masa gori ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kullum da yamma yakan zauna kusa da yayansa ya roƙi gafara. Ɗalha yakan kama hannunsa ya matse, leɓunansa su yi ta motsi, su daɗe suna yi. Har aka kai Ɗalha makwanci Murtala bai san ko yafewa yake ba.