Motar Gwanjon Sammani

Ana dab da kiran magariba Sammani ya shigo da motar layinsu na Ƙofar Marusa. Wata tsohuwar akori-kura ce ke janta da igiya, shi kuwa yana ciki riƙe da sitiyari, ya ɗaga haɓa kai ka ce shi ke tuƙa ta. Mutanen da ke alwala a bakin masallaci suka tsaya da butoci a hannu suna kallo.

Sammani dillalin motoci ne, shekara ashirin yana sana'ar. Bai taɓa zuwa Makka ba, amma saboda girman rigarsa kowa Alhaji yake ce mashi, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Motoci sun wuce ta hannunsa ba adadi, sai dai bai taɓa riƙe irin wannan ba. Baƙa ce wuluk, ƙirar Turai, ƙofa biyu kacal, ta kwanta ƙasa-ƙasa kamar damisa ta hango akuya. Masana sun ce in injinta ya tashi, kafin shayinka ya huce ta kai ka Kano.

A gwanjon wata hukuma ya same ta. An kama ta ne daga hannun wani da ya mutu shari'arsa ba ta ƙare ba, aka tura ta can ƙarshen fili ƙarƙashin wata tsamiya, aka manta da ita shekara da shekaru. Ranar gwanjo dillalai suka yi ta kokawa a kan bas-bas da motocin ɗaukar kaya. Da aka zo kanta, sau biyu Sammani ya ɗaga hannu aka kaɗa mashi ƙararrawa. Yana ɗaura igiya wani tsoho mai gadin filin ya matso ya ce, "Alhaji, abin da ya daɗe a rufe, a yi sallama kafin a buɗe shi." Sammani ya yi dariya ya ce, "To Baba, in na je gida zan aika mata da goro."

Da aka tura ta cikin gareji ya kwantar da kujerar direba ya leƙa baya. Kujerar baya ƙarama ce, irin wadda ba a yi don mutum ya zauna ba. Ganyen tsamiya ya taru a tsakiyarta a zagaye, luf-luf, kamar an shimfiɗa shi da hannu, ga wani gansakuka ya kama fatar. Ran Sammani ya ɓaci. Gobe da safe makanike zai zo, jibi kuma wani babban mutum daga GRA zai zo gani.

Ya ɗaga murya ya kira ɗiyarsa. "Ramla! Kawo mani ruwan zafin nan na kan murhu, da omo."

Matarsa Safara'u ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. "Malam, ruwan tuwo ne fa. Kuma magariba ta yi, ba a zubar da ruwan zafi yanzu. Ka bari da safe."

"A ƙasa aka hana. Wannan mota ce. Aljani mi ya haɗa shi da mota, lasin gare shi?"

Ramla ta fito da tukunyar tana riƙe da tsumma. Shekararta goma sha bakwai, ita kaɗai Allah ya ba su, saura wata biyu ta zana jarrabawar fita sakandare. Ta tsaya bakin ƙofar motar tana duban uwarta.

"Ke, zuba mana! Sallah za ta wuce ni."

Ta zuba. Tsawar uban ta sa ko bisimillah ba ta yi ba.

Tururi ya tashi. Cikin tururin wani ɗan kuka ya fito, siriri, kamar na ɗan kyanwa da aka taka, ya yanke nan take. Sai hon ɗin motar ya yi ƙara sau ɗaya, doguwa. Ladan na ta kira a waje. Sammani ya san babu batir a motar nan, don da idonsa ya ga gurbin wayam a filin gwanjo.

Ya ce, "Waya ce ta taɓa ruwa." Ya ja ƙofar gareji ya tafi masallaci.

Washegari da magariba dutse na farko ya faɗo kan kwano. Ɗaya, sai shiru, sai wani. Safara'u ta fita ta duba layi, ba kowa sai awaki. Duwatsun da ta tsinta a tsakar gida da zafinsu, kamar an ciro su daga murhu. Kullum haka: in rana ta yi ja su fara, in aka kira isha'i su daina. Gidan ya ɗauki wani ƙauri da turaren wuta bai iya korewa. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban ruwa.

Rana ta uku hannun Ramla na dama ya tashi da bororo tun daga yatsu har gwiwar hannu, alhali ko ɗigon ruwan bai taɓa ta ba. Aka kai ta asibiti, aka ba da man shafawa. Ta daina magana sai kaɗan. Da yamma uwar ta neme ta ta rasa, sai ta jiyo waƙa daga gareji, ƙasa-ƙasa, irin ta rarrashin jariri, da wata murya ta babbar mace. Ta tura ƙofa. Ramla na zaune a takure a kujerar baya, ta rungume babu komai, tana jijjiga shi.

Safara'u ta ce wa mijinta, "Ka fitar mana da motar nan."

"In fitar da ita in kai ina? Kin san mi na saya kuwa? Zazzaɓi ne ke damun yarinya."

Ranar da makanike ya samu injin ya tashi, ƙarar ta girgiza tagogin layin gaba ɗaya. Sammani ya lumshe ido, har ga Allah bai taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. A daidai lokacin Ramla ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana ihu da muryoyi biyu. Maza huɗu suka kasa riƙe ta. Sai da aka kashe motar ta lafa. Daga ranar ba ta ƙara cin abinci ba, idonta a buɗe yana kallon rufi.

Safara'u ba ta sake neman izini ba. Ta yafa mayafi ta hau Keke Napep zuwa Batagarawa, ta dawo bayan la'asar da Malam Siddiq, wani ɗan siririn dattijo mai ruƙiyya, wanda ba ya ɗaga murya ko da akuya ta ci mashi takarda. Ya gaisa da maigida a tsanake, ya tambayi gida, ya tambayi mai jiki. Ya leƙa gareji ya daɗe yana kallon kujerar baya. Sannan ya juyo.

"Alhaji, mi kake sana'a?"

"Dillanci, Allah gafarta Malam."

"To ka ajiye shi a ƙofar ɗaki tare da takalminka. Ko mi za ka ji, ni zan amsa. Kai naka shiru."

Aka kwantar da Ramla a tabarma, uwar ta rufe ta da zane ta danne ƙafafunta. Malam ya zauna wajen kanta ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya koma ja, ya koma toka-toka. Dutse ya faɗo kan kwano. Malam bai tsaya ba. Sai jikin yarinyar ya fara rawa daga yatsun ƙafa, ta tashi zaune cak ba tare da ta dafa ƙasa ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, an riga an ƙona mani."

Muryar ta mace ce mai shekaru, a dishe, irin ta wadda ta kwana biyu tana kuka.

"Wace ce ke?"

"Kulu."

"Musulma ko kafira?"

"Ina sallah kafin a haifi kakanka."

"To mi ya kai musulma jikin ɗiyar mutane?"

Kan Ramla ya juya a hankali har idon ya tsaya kan Sammani. "Tambayi wancan. Kogon tsamiya ya yi mana kaɗan, na ga ɗaki a rufe ba mai shi, na shiga. Ban ɗauki komai na kowa ba. Can na haihu. Ko arba'in ban yi ba aka ɗaura wa ɗakina igiya aka ja ni cikin rana. Na yi shiru. Aka buɗe ba sallama. Na yi shiru. Sai aka juye wa ɗana tafasasshen ruwa yana barci. Da an ambaci Allah da na ji na ɗauke shi. Hannunsa na dama ya saɓule har kafaɗa, Malam. Ba ya iya kama nono don kuka."

Safara'u ta fashe da kuka, ba ta san ma wa take yi wa ba.

Malam ya ce, "An zalunce ki, ban musa ba. Amma yarinyar nan aike aka yi ta, ba ta gan ku ba. Ki kama wadda ba ta sani ba, kin zama azzaluma ke ma. Allah zai tambaye ki."

"Hannunta ya zuba."

"Bakin wani ya sa ta."

Can waje ladan ya fara kiran magariba, ba wanda ya motsa har ya gama.

"To ga abin da zan yi," in ji Kulu. "Ɗana ba ya ɗaukuwa, ko iska ta taɓa shi sai ya suma. A bar mana ɗakin. Kada a tayar da wutar nan ta ciki, kada a buɗe ƙofa, kada a gusa da shi. Fatarmu ba ta saurin warkewa kamar taku. Shekara bakwai. In an yarda, yanzu zan sakar maku ɗiyarku lafiya lau kamar yadda na same ta."

Malam ya gyaɗa kai. "An yarda. Ki rantse da wanda ya halicce ki."

Sammani na zaune a bakin ƙofa. Yana son ɗiyarsa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Amma kunnensa ya ji lamba, kuma shekara ashirin kunnen nan bai taɓa jin lambar farko ya bar ta ta wuce ba. Ya hango tayoyi sun ruɓe, ɓeraye sun cinye wayoyi, yayin motar ya wuce. Bai ma yi shawara da zuciyarsa ba, bakin ya buɗe da kansa, da muryar nan tasa ta bakin kasuwa.

"Haba baiwar Allah, bakwai ai ta yi yawa. A duba dai. A yi uku."

Malam ya juyo da sauri. "Alhaji!"

Amma magana ta riga ta fita. Bakin Ramla ya buɗe da wata dariya marar sauti.

"Uku," in ji Kulu. "Da ɗiyarka a shimfiɗe kake taya ni. To na sallama, uku. Ka rage mani, ni ma na rage maka."

"Tsaya!" Malam ya kama kan yarinyar ya ɗaga murya, karo na farko. "Maganata ce magana, ba tashi ba! Bakwai aka ce! Ki fita ta ɗan yatsan ƙafa, ki bar ta cikakkiya!"

"Shi ne mai ɗaki, Malam, ba kai ba. Da shi na yi ciniki. Assalamu alaikum."

Sammani ya rarrafo yana ihu, "Bakwai! Goma! Na bar maki ita har abada!"

Ramla ta yi atishawa sau uku ta zube a jikin uwarta. Ƙaurin da ya cika gidan ya ɗauke kamar an buɗe taga. Kwano ya yi tsit.

Can ta buɗe ido, nata idon na gaske. Ta ce, "Umma, ruwa." Safara'u ta miƙo kofi. Ramla ta ɗago hannun dama za ta karɓa, hannun bai zo ba. Bororon duk ya baje, fata sumul kamar ba a taɓa yi ba, amma yatsun sun dunƙule sun lanƙwashe zuwa ciki, hannun ya manne a ƙirjinta.

Malam Siddiq ya yi ta karatu har isha'i, ya dawo washegari, ya dawo sati guda cur. Daga ƙarshe ya naɗe buzunsa ya ce, "Babu kowa a jikinta da zan kora. Wannan ba zama ta yi ba, tafiya ta yi da hannun." Ko sadaka bai karɓa ba.

Sammani ya sayo bulo ya sa aka toshe ƙofar garejin, aka yi filasta. Babban mutumin GRA ya aiko sau biyu, aka ce mashi ba mota. Shekara uku ta cika ta wuce, bai fasa ginin ba. Kullum bayan la'asar zai tsaya jikin bangon ya yi sallama, ya tambayi mai jiki, ya ce ya ƙara shekaru, ya ce a faɗi ko nawa ne. Ba a taɓa amsa mashi ba.

Ramla ba ta zana jarrabawa a shekarar ba. Ta koyi rubutu da hagu, ta koyi ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya da haƙori. Ba ta taɓa ɗaga wa ubanta murya ba, kuma shi da Safara'u sun haɗa baki tun ranar cewa ba za a gaya mata yadda aka yi ba. An ce mata aljanar ce muguwa.

Wata rana da yamma ta same shi a jikin bangon, ya jingina goshi da siminti. Ta ajiye mashi buta a gefe. Ya yi sauri ya goge ido ya ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Mun yi iya yinmu ranar nan, ita ce ta ƙi."

Ramla ta dube shi, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

"Baba, ina ciki fa. Ba na iya magana ne kawai, amma ina jin kowa. Na ji lokacin da ta ce lafiya lau. Na ji lokacin da ka ce uku."

Ta gyara mayafinta da hannun hagu ta koma cikin gida.