Ragowar Cikin Ƙoƙo

Ranar Lahadi ce. Hadari ya haɗu tun da safe, ruwa kuma ya ƙi sauka, gari ya ɗauki zafi.

Dogo mai walda ya canza riga har ya gaji. Ya sa fara ya cire, ya sa shuɗiya, ya sake komawa farar. Mahaifiyarsa tana bakin gado tana ɗaura ɗankwali tana kallonsa.

"Kai, coci za mu ko gasar kwalliya?"

"Mama, yau ce fa ranar! Daga coci gidan su Auta zan wuce. Babanta ya ce in zo ya gan ni."

"To ai kai zai gani, ba rigar ba. Da wannan tsawon naka ko buhu ka sa sai an gan ka. Wuce mu tafi."

Auta ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti. Can suka haɗu, ranar da tartsatsin walda ya shiga idon Dogo, ta wanke masa tana yi masa faɗan rashin sa tabarau. Ido ya warke, amma Dogo bai daina zuwa asibiti ba. Dukansu Kirista ne, sai dai coci ba ɗaya ba. A cocin su Auta an hana giya gaba ɗaya, ko a Jibin Ubangiji, wato ibadar gurasa da ƙoƙo, ruwan 'ya'yan itace suke sha a 'yan ƙananan kofuna, mahaifinta kuwa dattijo ne a can. A cocin su Dogo ruwan inabi na gaske ake zubawa a ƙoƙo ɗaya kowa ya kurɓa. Ba su hana sha ba, buguwa suka hana. Shi Dogo bai taɓa sayen kwalba ba, abin bai dame shi ba ne kawai.

Akwai wata ƙa'ida a cocin nasu. Ruwan inabin da aka riga aka yi addu'a a kansa ba a zubar da ragowarsa, ba a mai da shi kwalba, sai a shanye shi nan gaban bagade. Fada, limamin cocin, ya tsufa, likita ya hana shi sha fiye da kurɓi, saboda haka Dogo da ke taimaka masa riƙe ƙoƙo shi ke ƙarasa abin da ya rage. Yawanci ɗan kaɗan ne. Ran nan tsoron ruwa ya hana mutane fitowa, ragowar ta yi yawa. Fada ya miƙa masa, ya sunkuyar da kai ya shanye, ya goge ƙoƙon. Ya dubi agogo ya ga ya makara, ya fita da sauri ko ruwa bai kurɓa ba.

Baban Auta tsohon direban babbar mota ne, gajere, mai kaurin wuya, ba ya son magana biyu. Yana zaune a falo ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa. Dogo ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa, ya miƙa hannu, sai ya tsaya. Hancinsa ya motsa.

"Matso."

Dogo ya matso.

"Ka sha wani abu?"

Dogo ya ɗaga kai. Ta bakin labule ya hango Auta tana girgiza masa kai.

"Na sha, Baba. Amma—"

"Ranar Lahadi. Da rana tsaka. Ka zo neman 'yata."

"Baba, a coci ne. Ragowar ƙoƙo ce, ba a zubarwa, ni nake—"

"A coci!" Tsohon ya miƙe. "To ai gara ka ce min a mashaya ne, in san ka ɓata hanya. Tashi ka ba ni wuri. Ba ni da 'yar da zan ba wanda ake ba giya da sunan Ubangiji."

Dogo ya fita yana neman takalminsa kamar makaho. Bai kai ƙarshen layi ba Auta ta cim masa, ƙafa ba takalmi, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Haba Dogo! Haba! Ba ka ga ina yi maka alama ba? Ka ce maganin tari ne mana! Ko cingam ba ka iya saya a hanya ba?"

"Sori, Auta. Na manta ne sam."

"Sori? Sorin me zai gyara yanzu?"

Aka ƙwala mata kira daga gida, ta juya da gudu.

Tun daga ranar Dogo bai sake zama wuri ɗaya ba. A shago sai ya kunna inji ya kashe, ya ɗauki ƙarfe ya ajiye. Ya haɗa wa wani mutum ƙofar gida, ya sa maƙalan a juye, sai da ya yanke ya sake. Ya kan bar aiki ya taka har bakin asibiti, ya tsaya tsallaken titi, ya dawo bai shiga ba. Waya na hannunsa kullum, yana dubawa kamar zai huda ta da ido.

Da saƙon ya zo, gara ma shirun. Auta ta kira shi murya a dashe. Baba ya ce hanya ɗaya ce: Dogo ya bar cocinsu ya dawo nasu, ya tsaya gaban jama'a ya ce abin da yake sha a ƙoƙon can zunubi ne, ya tuba.

Ya faɗa wa mahaifiyarsa a tsakar gida tana wanki. Kawunsa, ƙanen marigayi mahaifinsa, yana kan benci da kwalba a gindin ƙafa. Mama ta tsame hannu daga kumfa.

"Ka bar ina? Cocin da aka yi maka baftisma? Inda aka yi wa ubanka addu'ar ƙarshe? Wato abin da na yi shekaru ina karɓa a durƙushe zunubi ne?" Ta kai bakin zane ido.

Kawu ya kwashe da dariya. "Rabu da su, ɗana! Su waye za su fi Ubangiji tsarki? Shi da ya je biki ruwan inabi ya ƙare, lemo ya yi musu? Ai ruwa ya mayar musu ruwan inabi! Ni dai kwalba ɗaya bayan aiki, ba wanda na zaga."

"Kwalba ɗayan nan taka haihuwa take yi," in ji Mama. "Jiya wa aka ɗauko daga bakin kwata?"

"Santsi ne ya kwashe ni! Bari ma in je in ga tsohon nan, mu yi magana ta manya."

Dogo ya tare ƙofa da jikinsa. "Kawu, don Allah zauna. In ya gan ka yanzu, ni da Auta sai a sama."

Ya dubi kawun nasa, idanu jajaye, hannu na rawa. Ashe tsohon can ba a banza yake tsoro ba.

Bayan wasu kwanaki Auta ta zo shago da kanta, cikin fararen kayan aiki. Ta rame. Ta zauna kan wani guntun ƙarfe ba ta ko kula da tsatsa ba.

"Ka san me ya sa Baba yake haka? Yana da ƙane, tare suka taso, tare suka koyi tuƙi. Da ɗan kurɓi ya fara. Baba ne ya yi jinyarsa, Baba ne ya binne shi. Ni ban ma san shi ba, hotonsa kawai na sani."

Dogo ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya zauna kusa da ita.

"Ka ji plan ɗina," ta ce tana share ido. "Ka ce ka yarda. Ka tsaya ka faɗi abin da yake so, minti nawa ne? In an ɗaura aure, mun tare, sai ka koma cocinku a hankali. Wa zai hana ka?"

Zuciyarsa ta so abin. Ya tashi ya je bakin ƙofa ya dawo, ya sake zuwa ya dawo.

"Auta, ragowar nan zan iya roƙon Fada ya ba wani. Kwalba kuwa ba za ki taɓa gani a gidana ba, wannan na ɗauka. Amma in tsaya gaban Allah da mutane in ce abin da na gaskata zunubi ne, alhali na san zan koma? In yaudari babanki in karɓi 'yarsa? Ran da ya gane, da wane ido zan dube shi? Ke ma da wane ido za ki dube ni?"

"Wato cocinku ya fi ni!"

"Ba haka ba ne."

"Haka ne mana! Ni ina can ba na ci ba na barci, kai kana nan kana min wa'azi!"

Ta suri jaka ta fita tana kuka. Ya bi ta har titi, ta shiga mota ba ta waiwayo ba.

Abin da ya rage masa shi ya yi. Duk mako sai ya wanke hannu ya je ƙofar gidansu ya gaida tsohon. Tsohon yana kan kujerarsa a waje, ba ya amsawa, ko kallo ba ya yi. Dogo ya durƙusa, ya gaisar, ya tashi ya tafi. Yaran layi har sun sa masa suna Mai Gaida Bango. Auta ba ta ɗaukar waya. Mama ta ce ya haƙura ya nemi wata a cocinsu, 'yan mata sun cika benci. Ya ce to, bai nema ba.

Wata rana da ya durƙusa sai ya ƙara magana.

"Baba, ba zan ce maka na bar abin da ban bari ba. Roƙona ɗaya, ka zo ka gani da idonka, sannan ka yanke."

"Ƙafata ba za ta taka can ba," in ji tsohon. Maganar farko ke nan da ya yi masa tun ranar falo.

Watanni suka shige. Wata Lahadi Dogo yana riƙe da ƙoƙo, mutane na zuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ɗaga ido. Can benci na ƙarshe, kusa da ƙofa, ga gajeren mutum mai kaurin wuya ya harɗe hannuwa a ƙirji. Baban Auta ne. Da layi ya ƙare Fada ya miƙa masa ragowar kamar kullum. Ya ji idon tsohon a kansa. Zai iya kau da kai ya miƙa wa na kusa da shi. Bai yi ba. Ya sunkuya ya shanye, ya goge ƙoƙon, ya ajiye.

Da aka tashi Dogo ya sami tsohon a waje gindin bango. Ya durƙusa.

"Tashi, ka yi min tsawo ko a durƙushe." Tsohon ya gyara murya. "Auta ta faɗa min abin da ta ce ka yi. Da bakinta, tana kuka. Ta ce ka ƙi."

"Baba, kada ka ga laifinta."

"Ban tambaye ka ba. Na yi shekaru a kan hanya, na zauna da mashaya iri-iri, har a cikin gidana. Ban taɓa tambayar ɗaya ya ce min ya sha ba, kullum da abin da za su ce. Kai ka ce ka sha. Yau ma ka san ina kallo ka sha." Ya dubi ƙofar cocin. "Kada ka ɗauka na yarda da ku. Har gobe ina cewa ruwan 'ya'yan itace ya isa, kuma wanda bai fara ba ya fi kwanciyar hankali. Amma yau ban ga mashaya a ciki ba, masu addu'a na gani."

Tsohon ya nuna Dogo da yatsa.

"Sharaɗina, kwalba ba za ta shiga gidan 'yata ba. Ba a biki ba, ba bayan biki ba, ko ta wane ne."

"Na ɗauka, Baba."

"Cocin da za ta riƙa zuwa kuwa, ku biyu za ku zauna ku yanke, ba ni ba. Turo manyanka."

Ya juya zai tafi, sai ya yi tsaki ya nuna bakin titi da haɓa. "Ga ta can, ta ce min wai asibiti za ta."

Auta ta fito daga bayan wata mota da gudu, tana dariya tana kuka. "Dogo! Ni ce da sori yau!" Mama ta fito daga coci ta gan su, ta ɗora hannu a ka, ta rasa wanda za ta fara runguma.

Haka abin ya ƙare. Kowane coci ya zauna da ƙa'idarsa, ba wanda ya ci wani da gardama. Wanda ya hana yana da dalili, wanda ya bari yana da iyaka, buguwa kuwa duka sun ƙi ta. Ku yara, in iyaye suka tsaya muku a hanya, ku nemi sanin abin da suke tsoro, ku yi haƙuri, kada ku sayi aure da ƙarya. Da Dogo ya yi ƙaryar da ya samu Auta da wuri, amma da bai samu uba ba.

Washegarin Lahadin nan da safe Dogo bai buɗe shago ba. Ya tafi gidan Kawu tun kafin ya fita, ya same shi ido garau yana wanke fuska. Ya jawo benci ya zauna.

"Kawu, kai ne ubana, kai za ka je nema min aure. Amma zauna tukuna, akwai maganar kwalbar nan, ba za ta yi maka daɗi ba."