Ba Ni Zan Fara Gaishe Ki Ba

Ku gafarce ni da na yi karambanin ɗaukar alƙalami. Ni dai mai karatu ce, ban taɓa rubuta labari ba, in kun ga kuskure ku kau da kai. Labarin Joelle Wiebe ne ya hana ni sukuni.

"Ni fa ban ga canji ba, zuciyata," in ji Colton, idonsa a kan titin da ya ratsa gonakin alkamar da aka gama girbewa. "Kullum kika fito daga wajen matar nan idonki jajir. Ni in na kai tarakta gareji ba a dawo min da ita tana ɗigar mai."

"Ni ba tarakta ba ce."

"Na sani mana... tarakta ta fi ki jin magana."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Shi za ta aura kafin ƙanƙara ta sauka a yankinsu na Manitoba a ƙasar Kanada, kuma shi kaɗai ya san inda take zuwa duk Talata. Mama, mahaifiyarta, ta ɗauka gwajin rigar amarya ke kai ta garin gaba.

Tun bara da yayanta Travis ya rasu barci ya ƙaurace mata. A gida an ce hatsari ne, a coci ma haka aka sanar. Amma Joelle ce ta fara ganinsa a rumbu, ta san cewa shi ya ɗauki ransa da hannunsa. Mama ma ta sani. Ko sau ɗaya ba su taɓa furtawa ba.

Ranar farko ta hau matakalar ofishin mai ba da shawara kan damuwar zuciya, a saman wani shagon fenti. Ta zaci likita mai farar riga za ta gani. Sai ga Misis Hamelin, dattijuwa mai furfura cikin tsohuwar rigar sanyi, da kujeru biyu, da kwalin takardar share hawaye a tsakani.

"Magani za ki ba ni?" Joelle ta tambaya.

"A'a, ba na rubuta magani. Magana za mu yi. Yau ni zan fi tambaya, kan barcinki da cinki da mutanen gidanku. Wadda ba kya son amsawa ki ce a wuce."

"Yaushe zan warke?"

"Ban sani ba. Kuma kar ki tsorata in ciwon ya ƙaru da farko. Kin san yatsun da sanyi ya kashe, sai sun fara ɗumi suke zogi. In kuma kin ga jininmu bai haɗu ba ki faɗa, in nemo miki wata."

Joelle ta murza zoben alkawarin da ke yatsanta. "In Mama ta tambaye ki fa?"

"Abin da kika faɗa a nan, a nan ya tsaya, sai fa in na ga ranki ko na wani cikin haɗari. Ko mamanki, ko saurayinki, ba zan ma ce musu na san ki ba. Saura abu ɗaya... garuruwan nan ƙanana ne. In muka haɗu a waje, ba ni zan fara gaishe ki ba. In kin gaishe ni zan amsa."

Maganar ta yi wa Joelle banbarakwai. A yankin da ko baƙo ya gifta a mota sai an ɗaga masa yatsu daga kan sitiyari, a ce mace ta ga hawayenka ta wuce ka a kanti? Amma a Talata ta gaba, a kan kujerar nan, ta faɗi gaskiyar mutuwar Travis da bakinta. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta koma gida ta yi barcin da ta jima ba ta yi ba.

Ranar walimar kaka zauren cocinsu ya cika maƙil, har da mutanen garuruwan maƙwabta. Ƙamshin gasasshen talotalo ya gauraye ko'ina. Joelle na zuba wa mutane romo, Mama na gefenta tana yanka burodi tare da Anti Verna, mahaifiyar Colton.

Sai ga Misis Hamelin a layi da farantinta, ta rako ƙawarta.

Ta miƙa farantin, ta ce, "Na gode," kamar yadda za ta ce wa kowa. Ta wuce.

Joelle ta sauke ajiyar zuciya. Sai a lokacin ta gane amfanin dokar.

"Kin ga abin da na gani?" Colton ya raɗa mata, yana riƙe da tukunyar dankali. "Ta wuce ki kamar ba ta san ki ba."

"Colton, ka bari..."

"Na kira ta a waya in ji yadda kike, ta ƙi gaya min komai. Yanzu kuma ko gaisuwa? Wa take rainawa?"

"Kiran ta ka yi?"

Bai tsaya ba. Ya dire tukunyar, ya bi ta har teburinta. Muryarsa ta saba da kira daga wannan gona zuwa waccan.

"Baiwar Allah, nan garin muna gaisuwa. Duk Talata yarinyar nan tana zubar miki da hawaye, amma ko kallon arziki ba za ki yi mata ba?"

Cokula suka tsaya.

Misis Hamelin ta ɗago a natse. "Ka yi haƙuri, samari. Ba na zancen aikina a wajen cin abinci." Ko gefen da Joelle take ba ta kalla ba.

Amma kowa ya kalla.

Wuƙar burodi ta tsaya a hannun Mama. Ba ta ɗaga murya ba, Mama ba ta taɓa ɗaga murya ba.

"Rigar amaryar ke nan?"

"Mama..."

"Me kika gaya mata?"

Joelle ta ajiye ludayin romon.

"Ɗana yana kwance cikin mutuncinsa, kin je kin tone shi a gaban bare."

"Ni ce na gan shi, Mama. Ni ce na..."

"Hatsari ne."

Sai Mama ta juya wajen matan, ta saki murmushin da ta yi a ranar jana'iza. "Fargabar aure ce kawai. Yaran zamani, ko ciwon kai sai an kai wa likita."

Matan suka yi dariyar rufin asiri. Anti Verna ta ce, "Mu a zamaninmu kwaɓa burodi muke har ta wuce." Cokula suka ci gaba da ƙara.

A ɗakin rataye riguna Colton ya same ta. Fuskarsa ta nuna ya san ya yi ɓarna, ya kama hannunta biyu.

"Don ke na yi, rabin raina. Ba zan iya ganin ana wulaƙanta ki ba."

"Ita kaɗai ce ba ta wulaƙanta ni ba yau."

"To ya wuce. Na lallashi Mama, na yi mata alkawari ba za ki koma ba. Kina da ni, me za ki yi da wata? In kuka ne ki yi a kafaɗata."

Ta dube shi, da idanunsa masu gaskiya da hannayensa masu kanta. Tana son shi, wannan ba ta taɓa shakka ba.

"To in gaya maka yadda Travis ya mutu?"

Ya saki hannunta ɗaya. Ya kalli ƙofa.

"Jo... ai hatsari ne. A bar matacce ya huta."

Ashe shi ma ya sani.

Wani ya ƙwala masa kira ya zo a ɗaga tebura, ya tafi da sauri kamar wanda aka ceta. Joelle ta tsaya tsakanin rigunan. Ta zare zoben da ƙyar, ta jefa cikin aljihun rigar sanyinsa mai warin man tarakta da ke rataye, ta ɗauki tata.

A bakin ƙofar baya ta ci karo da Misis Hamelin tana ɗaura gyalen wuyanta. Dattijuwar ta matsa ta ba ta hanya, ba ta gaishe ta ba.

Joelle ta tsaya, ta dube ta.

"Ina wuni, Misis Hamelin."

"Lafiya lau, Joelle."

"Sai Talata?"

"Kujerarki na nan."

A ciki an fara waƙar godiyar girbi, muryar Mama ta fi ta kowa daɗi. Joelle ta ja ƙofar a hankali don kar ta yi ƙara, ta taka cikin sanyi ita kaɗai.

Ni ma bari in bi ta ƙofar nan tun ba a juyo ba.